Zinariyar Basel da Zurik: kuɗin gwaji ne ko kyautar manya?

Maƙerin Zinariya: Jama'a, masu gwanjo na tallan wasu tsabar zinariya da biranen Suwizalan suka buga tsakanin ƙarni na 16 da na 18, wai "kuɗin gwaji" ne. Ni ban yarda ba. Wane maƙeri ne zai gwada sabon hatimi a kan zinariya? Da darma ake gwaji, ko kuza, ko tagulla. Sunan nan don farashi ya tashi aka raɗa shi.

Ɗalibar Tarihi: Baba, a yi haƙuri, ban bi ka duka ba. Kafin a kawo faran, kuɗin tarayyar ƙasar, a 1850, birane irin su Bern, Basel da Zurik kowanne kuɗinsa yake bugawa, kuma majalisar birni ke da wuƙa da nama. Mai kai sabon zane gaban manyan gari, da darma zai je?

Dillali: Ku auna su mana! Dukat, wato tsabar zinariyar da ake kashewa a lokacin, guda ɗaya kusan giram 3.5 ne. Waɗannan za ka same su dukat biyar cif, ko goma, goman kuwa wajen giram 35 ke nan. Da hatimin tala, babban kuɗin azurfa, aka buga da yawansu. Mai gwaji ina ruwansa da cika awo haka?

Maƙerin Zinariya: Yauwa, Alhaji! Abin da nake nufi ke nan. Kyauta ce. Ana bai wa jakadu da 'yan majalisa, uban suna ma yakan ba jariri ranar baftisma. Dubi na Basel, ga birnin nan shimfiɗe da gadarsa a kan kogin Rayin. Gari ne ke nuna isarsa. Awon kuwa don wanda aka bai wa ya san darajar abin da ke hannunsa.

Ɗalibar Tarihi: To Baba, idan zanen da ke jikin zinariyar bai taɓa fitowa a azurfa ba fa? Wannan kam samfur ne da aka ƙi.

Dillali: Wannan na yarda, 'yata. Amma a nemo shi a kundin majalisar birnin tukuna. In babu takarda, ba na biyan kuɗin gwaji.

Ɗalibar Tarihi: Alhaji, takardu nawa suka tsira shekara ɗari huɗu? Da wannan sharaɗin sai mu kore na gaskiya ma.

Maƙerin Zinariya: Gara a kore shi da a cuci mai saye.