Intanet ta tauraron ɗan'adam za ta iso ƙauyukanmu?

Malamin firamare, Ɓaɓura: Assalamu alaikum. A ƙauyenmu sai mutum ya hau tudu kafin ya samu sabis. Shin tauraron ɗan'adam zai magance mana wannan?

Mai cajin waya, Gumel: Wa alaikumus salam, Malam. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Najeriya a 2023, kuma ba ya buƙatar turken sabis, sai faranti mai kama sabis daga tauraron da wutar lantarki, ko da ta sola ce, amma kuɗin kayan da na wata-wata sun fi ƙarfin manomi ɗaya, sai dai ƙungiya ta haɗa kuɗi.

Ɗalibi, Dutse: Wani kamfani mai alaƙa da Google ya gwada ba da intanet ta balan-balan masu shawagi a sama a Kenya, ya rufe shirin a 2021 saboda tsada. Ni na fi amincewa da turke mai sola, domin ƙaramar waya ma tana kama shi.