Tsohonmu ya jefa na'urar kunnen a durowa, ina neman shawara

ɗan_Yelwa_Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a taimaka min. Babanmu ya haura shekara 70, kusan shekara uku kenan jinsa yana raguwa a hankali, sai ka maimaita magana sau biyu sau uku, rediyo kuwa in ya kunna labaran safe har maƙwabta sun san an fara. Abin da ya fi ci min rai shi ne ya daina zama majalisa bayan la'asar, mutumin da a da in ba ya nan hira ba ta daɗi. Ran Juma'a ya ce min yana jin muryar liman sarai amma kalmomin a cakuɗe suke kamar ana magana cikin tulu.

Watan jiya na sayo masa wata 'yar na'ura a kasuwa, dubu 15 sefa, ana cajinta kamar waya. Kwana biyu ya sa, ya ce shi ƙarar babura da kwanukan wanke-wanke kawai ta ƙara masa, kuma da ya gyara hula sai ta kama tsuwwa fiiii, jikoki suka yi ta dariya. Ya cire ya wurga a durowa ya ce shi ba kurma ba ne. Yanzu yayana da ke Faransa ya ce zai sayi mai tsada ya ba wani mai zuwa ya taho da ita. In ce masa ya aiko ko kuwa asarar kuɗi za mu sake yi?

infirmiye_Ngaundere:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ka ce wa yayanka ya dakata tukuna, kar ya sayi komai sai an gwada kunnen. Na yi shekaru ina aiki gefen likitan kunne, irin labarin nan naka na ji shi ya fi a ƙirga.

Abin da ka sayo amfilifaya ce kawai, duk sautin da ya shigo ɗaga shi take gaba ɗaya. Shi kuwa raguwar ji ta tsufa ba haka take tafiya ba. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani abu nannaɗe kamar katantanwa, cikinsa wasu 'yan ƙananan gashi ne ke kama sauti, kuma masu kama siraran sauti su ke fara mutuwa. Shi ya sa s da sh da ts da f ke ɓace masa, muryar mata da yara ta fi ba shi wahala, amma ƙarar mota yana jinta lafiya lau. To kai ka je ka ƙara masa ƙarar motar, ba dole ya jefar ba.

Ka kai shi wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake ce wa ORL. Zai fara leƙa kunnen da fitila, domin wani lokaci datti ne ya daskare ya toshe, ko kunnen na zubar da ruwa, wannan magani ake fara yi ba na'ura ba. In lafiya, sai a yi masa odiyogram, a sa masa abin kunne a ɗaki shiru ana sako sauti yana ɗaga hannu in ya ji, bai fi rabin awa ba. Takardar da za ta fito ita ke nuna desibel nawa, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ya rasa a kowane sauti, kunnen dama daban na hagu daban. Hukumar lafiya ta duniya tana lissafa wanda ya rasa sama da desibel 35 a kunnensa mafi kyau cikin masu buƙatar taimako. Da wannan takardar ake saita aparai, wato na'urar ji ta gaskiya, a kwamfuta. Ko ta kamfanin Phonak ce ko Oticon ko Signia, in ba a saita ta da kunnensa ba sunanta kwalliya. Kuma ba sau ɗaya ake saitawa ba, sai an koma an rage nan an ƙara can, don haka tambayar farko kafin a aiko ita ce wa zai iya taɓa wannan samfurin a Kamaru, in sai Yawunde ko Duwala to ku sa kuɗin mota da na jirgin ƙasa a lissafi tun yanzu.

Tsuwwar nan kuma, sauti ne ke zurarewa ta gefe ya koma cikin makirfo. Maganinta a auna ramin kunnensa a yi masa toshi daidai da shi.

Maman_Iklima_Domayo:
Ɗan'uwa ni mai sawa ce, shekara tara kenan, sanƙarau ne ya taɓa min ji ina budurwa. Abin da malam infirmiye ya faɗa haka yake, bari in ƙara maka abin da ba a faɗa a asibiti.

Satin farko wlh kuka na yi. Ƙarar takalmina, tafasar tukunya, har taunar kaina ji nake kamar ana niƙa a kaina, muryata kuma kamar ta wata. Ashe ƙwaƙwalwa ce ta manta da waɗannan sautukan sai ta sake sabawa. Awa biyu na riƙa sawa a ɗaki ina hira da mutum ɗaya, sannan tsakar gida, kasuwa kuwa sai da na yi fiye da wata. In kuka sa wa Baba ranar farko kuka kai shi wajen suna ko ɗaurin aure, ta sake komawa durowa kenan.

A zaɓa masa mai ratayawa a bayan kunne. 'Yan ƙananan nan da ke shigewa ciki suna da kyau a ido amma yatsun tsoho ba sa iya juya su, kuma datti na saurin toshe su. Sai maganar alwala, sau biyar a rana fa, dole a cire kafin shafar kunne a bari ya bushe, ni wani ɗan gwangwanin alawa nake yawo da shi saboda na taɓa ajiyewa a bakin rijiya akuya ta kusa tafiya da ita. Zafin Marwa a watan huɗu kun san shi, ku na Garwa ma kun fi mu, gumi shi ne babban makashinta, sai ƙurar hunturu. Kullum da dare in goge da busasshen ƙyalle, in buɗe ƙofar pil, wato batirinta, in sa a kwalba mai murfi tare da 'yan ƙwayoyin nan masu tsotse laima. Kar a shanya a rana, kar a bari a mota.

Pil ɗin ba irin na agogo ba ne, da iska yake aiki, akwai 'yar takarda manne a bayansa, in ka ɓare ka jira kamar minti ɗaya kafin ka sa, kuma da ka ɓare ya fara ƙarewa ko ba ka yi amfani da shi ba. Launin takardar ke nuna girman pil ɗin: lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Nawa 13 ne, yana kai min kwana goma haka. Wannan dai yayanku zai iya aikowa da yawa, don a nan sai ka zaga farmasi uku ba ka samu ba. Mai caji tana da daɗi amma ka tuna yadda ake ɗauke mana wuta. Kuma dan Allah a ɓoye pil daga jikoki, in yaro ya haɗiye yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi, asibiti ake gudu da shi nan take.

Maganar kunya kuwa, ni ɗankwali ke rufe min, shi ma in mai rawani ne ba wanda zai gani.

Abba_Kuseri:
Ni fa ina ganin kuna tsorata bawan Allah. Aparai na gaskiya dubu ɗari nawa ne, talaka ina zai samo? Kakata shekara biyu muna mata ihu, muka tsallaka gada muka kai ta Injamena, likita ya wanke kunnen ya ciro wani abu baƙi kamar ƙwallon dabino, shikenan ta dawo tana jin gulmar da ake yi a ɗaki na uku. Ashe tsinken ashana da gashin kaza da take sosawa da su ne suke tura dattin ciki. A fara da wanki kawai.

infirmiye_Ngaundere:
Abba ai maganarmu ɗaya, shi ya sa na ce a fara leƙawa. Amma wanda ke cewa yana jin murya ba ya gane kalma, kuma a hankali abin ya zo cikin shekara uku, na fi zaton ba datti ba ne. Kar dai a ɗiga masa man ja ko ruwan albasa a gida, in dodon kunnen a fashe yake an ƙara ɓata lamari. Kafin nan ku daina masa ihu, ku tsaya a gabansa yana ganin bakinku, ku yi magana a hankali, a kashe talabijin.

ɗan_Yelwa_Garwa:
Allah ya saka da alheri, na tura wa Yaya duk abin da kuka rubuta, ya ce zai riƙe kuɗin sai ya ga hoton takardar gwajin. Saura shawo kan Baba, don da na taɓo maganar asibiti jiya cewa ya yi kunnensa ƙalau, mu ne muka koyi magana ƙasa-ƙasa kamar marasa gaskiya. Na roƙi amininsa Alhaji mai goro ya raka mu ran Litinin, shi kaɗai yake jin maganarsa, ta kowace fuska. Maman Iklima, ƙwayoyin tsotse laiman nan irin na cikin kwalin sabon takalmi ne ko na musamman ake saya?