Masu feshin takin ganye a tafarnuwa, me kuka gani?

Ɗan Wurno: Salamu alaikum. Mun dasa tafarnuwa a watan Nuwamba, ganye ya fara tashi. Masu shago sai tallar takin ruwa suke mana, wai a fesa a ganye. Waɗanda suka gwada, ya aka ƙare?

Baba Na-Goronyo: Wa alaikumus salam. Ɗana, yana aiki, amma sai ka fara ƙosar da ƙasa. Fangalin da ya sha takin gida da kamfa (takin zamani na NPK), na fesa masa, ganyensa ya yi kore shar har kai ya cika hannu. Wanda ƙasarsa ta gaji kuwa, kwalba nawa ka zuba ba za ka ga komai ba.

Malamin Gona: Baba ya yi gaskiya. Takin da ganye yake sha kaɗan ne, shi ya sa feshi ya fi dacewa da sinadaran da shuka ke so kaɗan-kaɗan, irin su zinc da boron. Kuma ganyen tafarnuwa santsi gare shi, ruwa gangarewa yake yi. A haɗa da maganin da ke sa feshi ya kama ganye, a fesa da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da iskar hunturu ta lafa.

Alhaji Mai Rumbu: Ni daga wajen ajiya zan yi magana, don saye nake ina tarawa. Kayan da aka yi ta fesa wa takin yuriya har kan tafarnuwa ya fara ɗauri, da ganinsu ka sani: wuya kauri, ɓawo sako-sako. Kafin damina ta kankama sun fara laushi, ka matsa ƙwaya ka ji ta lotse. Ba na ƙara musu ko sisi don girman kai.

Ɗan Kura: Alhaji, maƙwabcina ya ninka awon da ke jikin kwalba, ya fesa da tsakar rana. Washegari bakin ganye duk ya ƙone. Ni ruwan ganyen zogale nake tacewa in sirka, ganye dai ya yi kyau, ban auna buhu ba.

Ɗan Wurno: To Baba, yaushe kuke dainawa?

Baba Na-Goronyo: Da kai ya fara kumbura nake ajiye yuriya. Ban ruwa ma ina yanke shi kamar mako 2 kafin cira, sannan in shanya ta da ganyenta a inuwa har wuya ya bushe ƙayau.