Muhawara ce ke yin doka a Abuja, ko guduma?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Ina nan a kan bakana: muhawarar da ake yi a zauren Majalisar Tarayya wasan kwaikwayo ne. An gama shirya komai tun kafin a shigo da sanda. Mai riƙe da guduma shi ne majalisa, sauran 'yan amshin shata ne. Ga hujja. Ranar 23 ga Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta yi wa ƙudurin dawo da tsohon taken ƙasa karatu na farko da na biyu da na uku a zama guda. Dattawa suka kammala nasu ranar 28, Tinubu ya rattaba hannu ranar 29. Ko mako bai cika ba. Wa aka tambaya?

Malam Sale: Wa alaikumus salam. Nura, sauri kaɗai ba laifi ba ne. Ƙudurin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ma a yini ɗaya majalisun biyu suka wuce da shi, ranar 23 ga Yulin 2024, ban ji ka yi ƙorafi ba. Sannan a batun take ai an yi magana. Shugaban marasa rinjaye Kingsley Chinda ya tashi ya soki abin a bainar jama'a.

Nura: Ya tashi, sai aka yi yaya? Ko waƙafi ya canja? Albashin kuma da ka kawo, Malam, ni ka taimaka wa. A fadar shugaban ƙasa aka daidaita da 'yan ƙwadago, majalisa hatimi kawai ta buga.

Hajiya Bilki: Ku dakata, ni abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Dokar man fetur tun zamanin marigayi Yar'Adua aka kai ta majalisa a 2008, ba ta zama doka ba sai Agustan 2021. Take kuwa kwana shida. Wa ke cewa yau wannan za a tattauna, wancan ya jira? Baba Garba, kai da ka yi aikin jarida a wurin, fito da mu daga duhu.

Baba Garba: Hajiya, kin taɓo inda maganar take, su yaran nan a gefe suke ta zagaye.

Zaman zaure Talata ne da Laraba da Alhamis. Kowace ranar zama akwai takardar jadawali da ake raba wa 'yan majalisa, abin da ba ya cikinta kuwa ba a taɓa shi sai an nemi izinin zaure. Kwamitin dokoki da tsara ayyukan majalisa ne ke haɗa ta, da sanin shugabanni. Kamar layin lodi ne a tasha: motarka na iya zama lafiyayya, fasinja na jira, amma sai mai riƙe da takardar layi ya kira lambarka. Ɗan majalisa zai rubuta ƙuduri, akawu ya karanta sunan ƙudurin kawai, shi ke nan karatu na farko ya wuce, babu mai cewa uffan. Daga nan sai jiran ranar karatu na biyu. Wani makonni, wani shekara, wani har wa'adin majalisa na shekara huɗu ya ƙare ƙudurin ya mutu, sai an faro daga tushe. Wanda shugaban ƙasa ya aiko kuwa, shugaban masu rinjaye ne da kansa ke gabatar da shi, ba ya bin dogon layi. In ana son a yi karatu uku a yini guda, sai ya tashi ya nemi a jingine ƙa'idar zaure, wani ya mara masa baya, a buga guduma.

Ga kuma abin da talabijin ba ta cika nunawa ba. Ana shigowa da sanda sai addu'a, sai amincewa da bayanan zaman da ya gabata, sai sanarwa, sai wasiƙun shugaban ƙasa, sai koke-koken jama'a, sai batutuwan gaggawa: an kai hari a gari kaza, ambaliya ta ci gari kaza, a yi shiru na minti ɗaya. Nan ne kowa ke son mutanen mazaɓarsa su gan shi a tsaye. Kafin a kai ga ƙudurorin doka rana ta yi nisa. Daga benen 'yan jarida za ka ga kujeru suna ta yin fili, wannan ya tafi zaman kwamiti, wancan salla, wani baƙi na jiransa a ofis. Mai ƙudurin na karanta jawabinsa, na kusa da shi na duba waya.

Nura: To Baba ai ka gama mini aiki.

Baba Garba: Ban gama maka ba, ɗana. Na ce jadawali na hannun shugabanni, ban ce magana ba ta da tasiri ba. Shekararka nawa a 2006?

Barista Hauwa: Kafin Baba ya kai mu tazarce, bari in sa lissafi a kan abin da ya faɗa. Sashe na 54 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kashi ɗaya cikin uku ya isa a zauna. Wato sanata 37 cikin 109, ɗan majalisar wakilai 120 cikin 360. Sashe na 56 kuma ya ce rinjayen waɗanda suka halarta suka kaɗa ƙuri'a ne ke yanke hukunci. Ke nan a ƙa'ida mutum 61 na iya yi wa ƙasar nan doka a Majalisar Wakilai, kuma ba a karya komai ba. Sai dai su 61 ɗin ma ba a ƙirga su. Shugaba zai ce masu goyon baya su ce eh, masu adawa su ce a'a, ya saurara da kunnensa, ya buga guduma. Ni matsalata ba muhawara ba ce, Nura. Wannan ƙuri'ar muryar ce.

Malam Sale: Barista, ƙuri'ar murya ba Najeriya ta ƙirƙiro ta ba. Majalisar Ingila na yi, ta Amurka na yi. In za a kira sunan mutum 360 a kan kowane sashe na kowane ƙuduri, ko kasafin kuɗi ba za a gama ba. Kuma duk wanda bai yarda da hukuncin shugaba ba yana da damar neman a ƙirga.

Baba Garba: Kuma da ita aka binne tazarce. Mayun 2006, ƙudurin gyaran tsarin mulki mai ɗauke da gyare-gyare sama da ɗari, cikinsu har da wanda zai ba Obasanjo wa'adi na uku. Ken Nnamani na shugaban dattawa. Abin da ya yi shi ne ya bari a nuna zaman kai tsaye a talabijin, ya ba sanatoci dama ɗaya bayan ɗaya kowa ya tashi ya faɗi inda ya tsaya, aka kwashe kwanaki ana yi. Mutum na sane da cewa ana kallonsa a garinsu. Waɗanda ake lissafawa a ɓangaren fada da yawa suka kasa buɗe baki su kare abin. Ranar 16 ga Mayu aka tambaya ko a yi masa karatu na biyu, masu a'a suka rinjaya, magana ta mutu. Jam'iyyar PDP ce ke da rinjaye, shugaban ƙasa nata ne, kuɗi da iko duk suna can. In wasan kwaikwayo ne, Nura, wa ya rubuta wannan?

Nura: Nnamani ya rubuta. Da mai guduma na son tazarce, zai rufe ƙofa, ya hana kyamara, ya ba mutum uku dama, ya ce masu eh sun rinjaya. Kun ga dai mun dawo kan guduma.

Hajiya Bilki: Wallahi yaron nan akwai taurin kai, amma a nan bai yi ƙarya ba.

Barista Hauwa: Bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa. Malam Sale ya ce ana iya neman a ƙirga, to mu duba ranar da aka nema. 15 ga Yulin 2021, gyaran dokar zaɓe, batun aika sakamako ta na'ura. Kwamitin dattawa kan harkokin zaɓe na Sanata Kabiru Gaya ya ce a bar wa INEC ta aika a inda zai yiwu. Sanata Sabi Abdullahi ya kawo gyara cewa sai hukumar sadarwa ta NCC ta tabbatar da ingancin sabis, sannan a nemi izinin Majalisar Tarayya. Shugaban dattawa Ahmad Lawan ya tambaya da murya, ya ba gyaran nasara, zaure ya kaure. Enyinnaya Abaribe, shugaban marasa rinjaye, ya dage sai an kira suna. Aka kira kowa ya tashi ya faɗi nasa: 52 suka bi gyaran, 28 suka ƙi, 28 ba sa nan. Washegari sunaye na cikin jaridu, har da na waɗanda suka ɓace daga zaure. Ba a yi wata uku cikakke ba, a Oktoba, majalisar ta janye matsayinta ta mayar wa INEC ikon. Masu adawa sun faɗi a ƙirga, amma sunayen da aka rubuta su suka juya maganar. Guduma ba ta so haka ba, Nura.

Yanzu kwatanta da Ribas. Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci ranar 18 ga Maris 2025, ya dakatar da gwamna Fubara. Ba ƙudurin doka ba ne, amincewa ake nema, kuma sashe na 305 ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun goyi baya. Sanata 73, wakilai 240. Ranar 20 ga wata majalisun biyu suka amince da murya. Ku gaya mini kunnen da ke iya bambance muryar mutum 73 da ta 72.

Malam Sale: A Majalisar Wakilai ai an sanar cewa waɗanda suka sa hannu a rajistar halarta sun haura 240.

Barista Hauwa: Halarta daban, goyon baya daban, Malam. Na'urar kaɗa ƙuri'a kuma ba baƙuwa ba ce a zauren. Da ita suka yi gyaran tsarin mulki ranar 1 ga Maris 2022, lokacin da aka kayar da ƙudurorin da suka shafi haƙƙin mata, alƙaluma suka fito kowa ya gani, mata suka tare ƙofar majalisa. Ba rashin kayan aiki ba ne.

Hajiya Bilki: To dokar haraji fa? Mu 'yan kasuwa ita ce ta hana mu barci. Can ai an yi ta hayaniya, kuma an ce an rage wasu abubuwa.

Malam Sale: Yauwa Hajiya, ita nake jira a kawo. An aika ƙudurori huɗu a Oktoban 2024, gwamnonin Arewa suka ce ba su yarda da tsarin rabon harajin VAT ba. Ranar 27 ga Nuwamba aka jingine ƙa'ida don a shigo da Taiwo Oyedele, shugaban kwamitin gyaran haraji na fadar shugaban ƙasa, da shugaban hukumar tara haraji cikin zauren dattawa su yi bayani. Ali Ndume ya tashi ya ce wannan ba ya cikin jadawalin ranar, mataimakin shugaban dattawa Barau Jibrin da ke kan kujera ya ce bai kan ƙa'ida. Washegari aka yi karatu na biyu. Amma Majalisar Wakilai ta ɗage tata muhawarar, ba ta yi karatu na biyu ba sai Fabrairun 2025, aka saurari ra'ayin jama'a, ba a sa hannu ba sai 26 ga Yuni. Ƙarin VAT da aka so a fara da kashi 10 bai samu shiga ba, yana nan a 7.5. Kashi 60 da aka so a ware bisa inda harajin ya fito ya koma 30. Wannan 'yan amshin shata ne?

Nura: Malam, a ina aka sauko daga 60 zuwa 30? A taron gwamnoni, cikin Janairu. Da suka daidaita sai zaure ya yi tsit. Jiya ana ta da jijiyar wuya, yau kowa ya ce ƙuduri ya yi kyau.

Baba Garba: A nan kana da gaskiya, a waje aka ƙulla. Amma me ya tilasta aka zauna ƙullawar? Shugabannin Majalisar Wakilai sun duba sun ga in suka sa shi a jadawali a Disamba zai iya faɗuwa a gaban kyamara. Tsoron zaure ne ya sayi watannin nan. Wurin da ba shi da haƙori ba a ɗage zama don gudunsa.

Af, tun da Barista na jero sassa: sashe na 55 ya ce ana iya gudanar da zaman da Hausa da Ibo da Yarbanci in an yi tanadi. Tun 1999 ake jiran tanadin. Akwai waɗanda a dandalin kamfe ba a iya karɓe makirfo daga hannunsu, a zaure kuwa sai ka yi zaton azumin magana suke.

Malam Sale: Ni abu ɗaya ya rage da ban gamsu da shi ba. Barista na ganin kiran suna magani ne. In aka rubuta sunan kowa, ba talaka kaɗai zai gani ba. Gwamna zai gani, uban gida zai gani, jam'iyya za ta gani, su ne kuma masu ba da tikiti. A cikin hayaniyar murya mutum na iya cewa a'a ya tsira da kujerarsa.

Barista Hauwa: Malam, gwamna na da mai ba shi rahoto a kujerar da ke kusa da ɗan majalisar. Bulaliyar jam'iyya, wato mai tsawatar wa 'ya'yanta a zaure, na tsaye yana kallon bakin kowa. Duk sun sani. Mai zaɓe ne kaɗai bai sani ba. Ban ce a kira suna a kan kowane sashe ba. A karatu na uku, da duk inda tsarin mulki ya ce kashi biyu cikin uku, a danna na'ura a wallafa. Jadawali kuma a fitar da na mako tun kafin Talata, a riƙe shi.

Hajiya Bilki: Ɗan majalisarmu zai zo ɗaurin aure unguwarmu ranar Asabar. In ya shigo gaida mata zan tambaye shi, ranar Ribas eh ya ce ko a'a.

Nura: Zai duba fuskarki, Hajiya, ya faɗi wadda kike son ji. Kuma ba ki da takardar da za ki ƙaryata shi da ita.