Tambaya kan fatsar kifin duwatsu da ƙwaron gashin tsuntsu

Ɗan Gulbi:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a kudancin Faransa ya aiko mini da bidiyo daga duwatsun Pirene, inda na ga wani dattijo tsaye cikin rafin da bai kai gwiwa ba, yana kaɗa igiyar fatsa a iska gaba da baya, sannan ya sauke ta bisa ruwa a hankali. Babu tana a ƙugiyarsa, babu kowane irin ƙoto, amma ya kama kifin da suke kira turwit, ya dube shi, ya sake shi. Ni da na tashi ina fatsa a Gulbin Maradi duk damina, abin ya tsaya mini a rai. Me ke jan kifin zuwa ƙugiyar, kuma za a iya samun irinsa a ruwayenmu?

Malamin Zariya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙugiyar ba tsirara take ba, an naɗa mata zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwarin da ke faɗawa ruwa, waɗanda su ne abincin wannan kifi. Da yake ba ta da nauyin da za a jefa ta, igiyar ce aka yi mai nauyi, shi ya sa ka ga yana kaɗa ta kafin ta ɗauki ƙwaron zuwa inda yake so. A ƙananan rafuka ana tafiya ne daga ƙasa ana haurawa, domin kifin yana fuskantar inda ruwa ke fitowa yana jiran abin da zai gangaro, saboda haka mai zuwa ta bayansa ba ya saurin firgita shi. Inuwar mutum kaɗai ta isa ta watsa su.

Batun samunsa a nan kuwa, ka cire rai. Yana son ruwa mai gudu, mai sanyin digiri 10 zuwa 16, kuma da zarar ya haura 20 sai ya fara galabaita, saboda ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa. A Afirka akwai shi tun asali a duwatsun Atlas na Maroko, an kuma kai shi tsaunukan Kenya a 1905.

Jikan Masunta, Madarunfa:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ban yarda Ɗan Gulbi ya cire rai gaba ɗaya ba. Kifin ne ba mu da shi, dabarar kuwa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san ruwa. Duk wanda ya tsaya bakin tabkin Madarunfa da magariba bayan ruwan farko, lokacin da shinge ke tashi, ya ga yadda fuskar ruwa ke tsattsagewa da ƙananan zobba, kifi na tasowa yana tsintar su ɗaya bayan ɗaya. Bara na naɗa gashin zabo a ƙaramar ƙugiya da baƙin zaren tela, na ɗaura a doguwar gora, kuma bayan maraice uku ina komawa gida hannu rabbana, na huɗun ya ba ni karfasa biyu. Ina ganin kuskurena na farko shi ne girman ƙwaron, domin sai da na rage gashin sosai kafin suka kula shi.

Abin da har yanzu ban gane ba shi ne sakin kifin bayan wahalar kama shi.

Malamin Zariya:
Dalilin a fili yake, ɗan'uwa. Ƙaramin rafin dutse ba shi da abinci mai yawa, kifinsa ba ya cika wuce santimita 25, kuma idan kowa ya tafi da abin da ya kama, rafin zai ƙare cikin ƴan shekaru. Don haka suke danne ƙayar ƙugiya, su jiƙa hannu kafin su taɓa shi, kada su goge santsin da ke kare fatarsa.

Ɗan Gulbi:
Na gode muku ƙwarai. Jikan Masunta, ina roƙon ka sanar da ni idan shinge ya fara tashi bana, zan zo da gashin zabo in ga yadda kake naɗin.