Neman shawara: zan sayi keke mai caji, amma na riga na ba da kafin alƙalami

Abu Sumayya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu keke mai caji ku taimaka min, kaina ya kulle. A Ɗorayi nake zaune, ina tsaron shagon kawuna a Kantin Kwari. Da ina da babur, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ajiyarsa ta fi hawansa yawa. Da mai ɗakina ta haihu sai na sayar na yi hidimar suna, su kuma dangina har yau gani suke kuɗin na nan. Yanzu Adaidaita Sahu nake bi safe da yamma, rabin abin da kawu ke ba ni a hanya yake ƙarewa, in na makara kuma ba ya faɗa, agogo kawai zai duba, ni kuwa gara ya zage ni. Ƙanin mai ɗakin nawa ya haɗa ni da abokinsa mai kawo kekuna daga Chaina. Ya nuna min biyu, mai batirin dalma da mai litiyam. Na ɗauki mai arhar, na dalma, ya ce yana yin kilomita 80 a caji ɗaya. Kuɗin adashina na bayar, jibi zan cika. Jiya a majalisa wani ya ce min batirin ba ya shekara. Me ake dubawa a keken kirki?

Injiniya Mai Sola: Wa alaikumus salam. Ka ba mu labarin suna da na kawu, ba ka faɗi abin da ake buƙata ba. Volt nawa, Ah (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa) nawa aka rubuta a jikin batirin? Ka ninka su, shi ne ainihin wutar da ke ciki. Misali volt 48 sau Ah 20 ya ba ka 960, bai kai yunit ɗaya na mitar wuta ba. In totur kawai kake murɗawa ba ka taka feda, wannan kusan kilomita 50 zai kai ka, shi ma a kwalta mai kyau. Dalma kuma ba a zuƙe ta ƙarƙaf, in kana yi da wuri za ta mutu. 80 ɗin nan lissafin yaro ne marar nauyi a shimfiɗaɗɗen titi. Ka je ka karɓo kuɗinka ka ƙara ka sayi litiyam, magana ta ƙare.

Abu Sumayya: Injiniya ban duba lambar ba, amma yaron ɗan mutunci ne, tare suka yi islamiyya da ƙanin matata. Ba zai cuce ni ba. Kuma ni ba Wudil zan je ba, Ɗorayi zuwa Kwari ne.

Baban Khalifa: Ni na dalma nake hawa kuma lafiya lau. Abin da Injiniya bai faɗa ba, in dalma ta gaji kana shiga Sabon Gari za ka samu, ka canja wadda ta mutu ka ci gaba. Litiyam in ta lalace wa zai buɗe maka? Kuɗinta kusan rabin keken ne.

Injiniya Mai Sola: Baban Khalifa kada ka ɓatar da bawan Allah. Na dalma batir huɗu ne 'yan volt 12 a jere, in ka sa sabuwa cikin tsofaffi uku su za su janyo ta ƙasa. Duka ake canjawa. Ga nauyi, huɗun nan sun haura kilo 25, litiyam mai irin ƙarfinsu bai fi kilo 6 ba, ka zare shi ka shiga da shi shago ka sa caji. Ga zafin Kano, Maris da Afrilu sai ya wuce 40, ka bar keke a rana a Kwari tun safe har la'asar ka ga yadda batir ke kumbura. Aikina ne, kullum ana kawo min.

Sani Kurna: Ku kuna ta dalma da litiyam, ina wutar da za a yi cajin? Mu a layinmu sai ƙarfe biyun dare ake kawowa, kafin ka farka an ɗauke. Taransufomarmu ta ƙone, gida-gida aka bi aka tara kuɗi, har yau ba mu ga ko waya ba. Caji kuma awa shida zuwa takwas yake so. In janareta za ka tayar, man da ka guda ka dawo masa.

Maman Ilham: Malam don Allah ko wanne ka saya kada ka yi caji a ɗakin kwana, kada kuma ka ari cajar wani. Maigidana ya yi haka da cajar maƙwabci, warin ƙauri ne ya tashe mu. Ga jariri gare ku. Shi har yau cewa yake ni ce mai tsoro, alhali ni na zare wayar.

Abu Sumayya: Na gode Hajiya, a soro zan ajiye. Malam Sani akwai sola a shagon kawu, sai dai ban tambaye shi ba tukuna.

Injiniya Mai Sola: To ka gani? Na dalmar batirinsa a ƙarƙashin kujera yake, yawanci a ɗaure da kusoshi. Ta yaya za ka kutsa da keke sukutum cikin layin Kwari har bakin shago? 'Yan dako ma da kyar suke wucewa. Sannan ka duba birki, in na faifai ne gaba da baya ya fi, don keke mai nauyi ba ya tsayawa da wuri a gangaren gada. Ka duba ko fedarsa na gaske ce, wasu ado ne kawai, ranar da caji ya ƙare a Kabuga turawa za ka yi. Ka tambayi mai keken ko yana sayar da kontrola, wato na'urar da ke sarrafa wutar batir zuwa injin, da caja daban, in ba ya kawo kayan gyara ka gudu.

Alhaji Ɗanjuma: Yaran zamani. Ni da Raleigh na yi shekaru ina zuwa Bompai daga cikin gari, ba caji ba mai, sai faci da man kaca. Ka sayi keken ƙafa ka riƙe canjinka, ɗana.

Sani Kurna: Alhaji lokacinku babu Adaidaita a titi. Ni dai abin da zan ƙara, ka sayi sarƙa da kwaɗo masu kauri. Keken nan ba ya ƙara, an ɗauke na abokina a ƙofar masallaci ana cikin sallar Magariba, ba wanda ya ji komai.

Baban Khalifa: Kuma a tuna da damina. Injin a cikin tayar baya yake, in ruwan Agusta ya cika titi kada ka ce za ka ratsa. Wannan bai san dalma ko litiyam ba, Injiniya.

Abu Sumayya: Na gode duka, Allah ya bar zumunci. Amma ku fahimce ni, in na ce a mayar min da kuɗi maganar har gidan surukai za ta je. Ya kuma ce akwai garantin wata uku. Ina ga na dalmar zan fara da shi, in Allah ya hore na canja batir daga baya. Ana iya sa litiyam a jikinsa ai, ko?

Injiniya Mai Sola: Ana iyawa in volt ɗin ya zo ɗaya, amma sai ka sake caja, ta dalma ba ta yi wa litiyam. Kuɗi biyu ke nan. Garantin a rubuce ne ko da baki?

Abu Sumayya: Da baki ne, amma a gaban ƙanin matata ya faɗa.

Sani Kurna: Wai Injiniya, ƙaramin fanel ɗin sola da zai ɗauki fanka ɗaya da fitila biyu nawa yake yanzu?