Yaro na son bin sawun Robert Weale: in biya masa wasan hunturu ko in dakata?

Baban Yara, Kadif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana mai shekara 14 ya shafe watannin zafi yana wasan bowls a filin ciyawa na unguwarmu, wato wasan da ake gangara ƙwallo mai karkata domin ta lanƙwasa ta tsaya kusa da ƙaramar farar ƙwallon da ake kira jak. Yanzu Satumba ta zo, za a rufe filin sai Afrilu, kocinsa kuma ya ce in yi masa rajista a kulob na cikin zaure, in saya masa ƙwallayen kansa. Yaron ba shi da zance sai na Robert Weale, ɗan wasan bowls na garin Presteigne a ƙasar Wales, wanda ya ci zinare a wasannin Commonwealth na 1986 cikin tawagar mutum huɗu, ya lashe gasar duniya ta cikin zaure a 2000, sannan ya sake cin zinare shi kaɗai a Delhi a 2010. In biya, ko in bar shi ya fuskanci karatu?

Hajiya, Suwansi: Wa alaikumus salam. Ka saya masa ƙwallaye ƙirar kamfanin Taylor ko Drakes Pride na hannu. Ni fam 70 na biya saitin huɗu.

Malam, Newport: Hajiya, da wuya a samu mai kyau a wannan farashi, domin ni na biya fiye da fam 300 a sabon saiti. Kuma kafet ɗin cikin zaure ya fi ciyawarmu gudu, saboda haka ƙwallon da ta dace da waje takan yi lanƙwasa da yawa a ciki.

Kawu Direba: Alhaji, saurari wanda ya sha wuya. Shekara uku ina kai 'yata gasa, har Llandrindod Wells inda ake buga gasar ƙasa ta Wales, ina ajiye tasi ranar Asabar, ranar da ta fi kawo mini kuɗi. Ta doke 'yan matan da suka girme ta, amma da aka zo zaɓen tawagar yanki sai aka ɗauki jikar wani ɗan kwamiti, ba wanda ya yi mana bayani. Ta yi kuka a mota har gida, kuma tun ranar ba ta sake taɓa ƙwallon ba. Har yau abin na ci mini rai.

Ƙaninku: Yaya, ka taya shi murna, ya fara shirin ritaya tun yana 14!

Hajiya, Suwansi: Wannan zancen na cewa bowls wasan tsofaffi ne ya tsufa. Daniel Salmon yana da ƙuruciyarsa ya ci zinaren 'yan bibbiyu a wasannin Commonwealth na 2018 tare da Marc Wyatt, ya maimaita a 2022 tare da Jarrad Breen. Kawu, Allah ya huci zuciyarka, amma laifin kwamiti ɗaya bai kamata ya rufe wa ɗan wani ƙofa ba.

Kawu Direba: Hajiya, ke kallon gasar duniya ta cikin zaure da ake yi a wurin shaƙatawa na Potters kike yi a talabijin duk Janairu, ni kuwa na tsaya a bakin fili cikin ruwan sama. Wa ya fi cancanta a ji maganarsa?

Malam, Newport: Ni abin da ya fi damuna shi ne filayen kansu. Ƙaramar hukumarmu ta janye hannu daga gyaran ciyawa ta bar wa tsofaffin kulob, kuɗin shekara ya hau, filin da muke zuwa ma ana maganar rufe shi.

Baban Yara, Kadif: Na gode duka. Malam, naku ma haka? Mu an aiko mana takardar ƙarin kuɗi makon jiya, kuma rajistar zauren ranar Juma'a za ta rufe.